Gilashin Baya da Aka Tokare da Kwali

Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa lokacin cunkoson yamma zai ga motocin da aka tokare gilashin ƙofarsu ta baya da kwali ko guntun katako. Direba ba a nan yake zama ba, shi ya sa gyaran ke shan jira. Amma a baya ake zaunar da yara da dattawa, kuma a watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40. Gilashin da ya ƙi sauka azaba ne gare su, wanda ya ƙi hawa kuwa hanya ce ga ruwan Agusta da hannun ɓarawo.

A zamanin Peugeot 504 ta Kaduna, da hannu ake murɗa gilashi. Yanzu abu biyu ke wannan aiki a cikin ƙofar: ɗan injin lantarki mai shan wutar batir, da maɗaukin gilashin, wanda a yawancin motoci wayar ƙarfe ce da ke zagaya ƙananan tayoyin roba tana jan gilashin sama da ƙasa. Ƙurar hunturu takan cushe robar da gilashin ke bi, ya yi nauyi, injin ya riƙa ja da ƙarfi, zafi ya busar da tayoyin, har wayar ta warware ko ta tsinke. Kunne ne ke fara gano ciwon. In an danna makunni injin ya yi ƙugi amma gilashi bai motsa ba, maɗaukin ne. In shiru aka ji, kada a yi gaggawar zuwa Ƙofar Ruwa sayen kaya. A sa mai wayarin ya duba fiyus, da wayoyin da ke lanƙwasa a mahaɗar ƙofa, da maɓallin gefen direba da ke kulle gilasan baya, domin sau da yawa shi aka taɓa ba a sani ba.

In ta tabbata maɗaukin ne, a ganina a canza shi tare da injinsa. Wani zai ce ai injin na aiki, don me za a ƙara kashe kuɗi a wannan tsadar rayuwa? Yana da gaskiya in motar ba ta tsufa ba. Amma injin da ya daɗe yana kokawa da gilashi mai nauyi haƙoransa sun ci, kuma kowace buɗe ƙofa kuɗin aiki ne da karyewar maƙalan murfinta. Ɗaurin wayar da ta tsinke kuwa ba ya jimawa. Ko ɗan Beljiyam za a saya, a jona shi da batir a gani kafin a biya, a kuma tabbata na wannan ɓangaren ne, don na hagu ba ya zama a dama.

Yayin aikin, a ɗaga gilashin a manne shi da salatif kafin a kwance noti, saboda irin wannan gilashi in ya faɗi rugujewa yake yi. A wanke robar da yake bi, sannan a mayar da ledar da ke bayan murfin ƙofa. Wasu makanikai kan yage ta su yar, alhali ita ce ke hana ruwan sama isa ga makunni da murfin.