Wa Ya Biya Kuɗin Arhar Farantin Sola?

A watan Maris na 2008 jaridar Washington Post ta buga wani rahoto daga ƙauyen Gaolong da ke lardin Henan na ƙasar China. Mutanen ƙauyen sun shaida wa wakiliyar jaridar cewa an yi wata da watanni motoci na fitowa daga wata masana'anta da ke maƙwabtaka da su, su tsaya tsakanin gonaki da filin wasan makarantar firamare, ma'aikata su tuttular da wani farin ruwa mai tafarfasa a ƙasa, su juya su koma. Inda ruwan ya taɓa sai ƙasa ta yi fari fat, wani hayaƙi ya tashi yana yaji a ido, yana shaƙe maƙogwaro. Masana'antar ta kamfanin Luoyang Zhonggui ce, kuma abin da take sarrafawa shi ne tataccen silikon, wato ɗanyen kayan da ake yin farantin sola da shi, irin wanda yau yake ƙyalli a kan rufin gidaje da masallatai da shagunan cajin waya daga Kano har Damagaram.

Kafin a gane abin da aka zubar wa mutanen Gaolong, sai an bi farantin zuwa asalinsa. Daga dutse yake farawa, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz. A haƙo shi, a farfasa, a zuba shi cikin tanderun lantarki tare da kwal da gawayi da ɓaraguzan itace, a hura masa zafin da ya kai wajen digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ya fito silikon ne, amma da sauran datti a jikinsa, kuma hasken rana ba ya zama lantarki a cikin silikon mai datti. Tsarkin da ake nema sai ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari ko ya wuce. Don haka sai a niƙe shi, a haɗa shi da iskar asid mai ɗauke da kulorin, ya koma wani ruwa mai saurin kama wuta, a tace ruwan, sannan a tura tururinsa kan wasu sanduna masu zafin sama da digiri 1,000, silikon ya riƙa taruwa a jikinsu kwana da kwanaki. Wannan hanya, da ake danganta ta da kamfanin Siemens na Jamus, ita ce har gobe aka fi bi a duniya.

A wannan mataki ne dattin yake fita. Duk tan ɗaya na tataccen silikon yakan bar kusan tan huɗu na wani ruwa mai suna silikon tetarakuloraid. Da ya haɗu da laima, ko ta ƙasa ko ta iska ko ta idon mutum, sai ya saki iskar asid. Shi ne farin ruwan da aka riƙa kwararawa a bakin gonakin Gaolong.

Abin da ya fi ɓata mini rai a labarin nan shi ne, ruwan ba shara ba ne da aka rasa yadda za a yi da ita. Tun kafin lokacin, manyan kamfanonin Jamus da Amurka da Japan sun san yadda ake mayar da shi cikin injin, ya sake zama kayan aiki. Sai dai injinan mayarwar suna da tsada, suna shan wuta, kuma kafa su yana cin lokaci. A 2008 farashin kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dala 400 a kasuwa, kowa na rige-rigen buɗe masana'anta kafin kasuwar ta faɗi. Mai kamfani ya yi lissafi, ya ga gonar talaka ta fi injin arha. A 2011 gwamnatin China ta kafa ƙa'idar cewa dole masana'antun su mayar da aƙalla kashi 98.5 cikin ɗari na wannan ruwa cikin aiki. Ƙananan kamfanoni da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuma suka gano cewa mayarwar tana rage musu kuɗin kayan aiki. Dabarar tana nan tun farko, wanda zai tilasta amfani da ita ne ba a samu da wuri ba.

A shekarar da aka kafa waccan ƙa'ida, wata fitinar ta ɓulla a garin Haining na lardin Zhejiang, a wani matakin aikin na daban. Bayan an narkar da silikon an ja shi ya zama dunƙule, akan yayyanka shi falle-falle da waya mai ƙurar lu'ulu'u, kowane falle kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sannan a wanke shi da sinadarai masu ƙarfi. Cikinsu akwai asid ɗin haidirofulorik. A masana'antar kamfanin Jinko Solar, ruwan sama ya kwashi sharar da ke ɗauke da sinadarin fuloraid ya kai kogi, kifaye suka yi ta mutuwa suna tasowa. A watan Satumba na 2011 ɗaruruwan mutanen ƙauyen Hongxiao suka yi dafifi a ƙofar masana'antar, aka kwana uku ana tarzoma, aka kifar da motoci. Hukuma ta dakatar da aikin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Yau Jinko na cikin manyan masu ƙera farantin sola a duniya, kuma sunansa sananne ne ga duk mai sayar da kayan sola a kasuwanninmu.

Waɗanda ke cikin masana'anta su ne suka fi kowa kusa da haɗari. Asid ɗin haidirofulorik mugun abu ne: idan ya ɗiga a fata, mutum zai iya daɗewa bai ji zafi ba, alhali yana ratsa tsoka yana zuƙe sinadarin kalsiyam na jini, har ya kai ga tsayar da zuciya. Mai fasa dutsen kwaz kuwa, ƙurar da yake shaƙa tana kwanciya a huhu, ta sandarar da shi sannu a hankali, cutar da ba ta da magani. Ga kuma gobara. A watan Janairu na 2014, a masana'antar tace silikon ta Mitsubishi Materials da ke Yokkaichi a Japan, ma'aikata na tsaka da wanke wata na'ura sai ragowar sinadarin da ya daskare a cikinta ya tarwatse. Mutum biyar suka rasu nan take, fiye da goma suka ji rauni. Wannan a Japan ke nan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen kiyaye ƙa'ida.

Sai batun wutar da duk wannan aiki yake sha. Hukumar Makamashi ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce China ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera farantin sola, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na lantarkin da ake wannan ƙira da shi daga kwal yake fitowa. Arhar kwal ce ta ja masana'antun zuwa yankin Xinjiang, wanda a lokacin yake samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na tataccen silikon na duniya. Xinjiang kuwa ƙasar Musulmi ƴan ƙabilar Uighur ce. A 2021 masu bincike a Jami'ar Sheffield Hallam ta Ingila suka fitar da rahoton da ya danganta wasu kamfanonin silikon na yankin da shirin gwamnati na kwasar ma'aikata, wanda suka ce aikin tilas ne. Amurka ta hana shigar da kayan ɗaya daga cikinsu, kamfanin Hoshine, a watan Yuni na shekarar, sannan ta kafa dokar taƙaita shigar da kayan yankin, wadda ta fara aiki a 2022. China ta ƙaryata zargin gaba ɗaya. Ko ma dai yaya ne, tambayar yadda aka ƙera su ta cancanci a yi ta a ƙasar da ke sayen farantan nan kwantena-kwantena.

Kada wani ya ɗauka ina nufin a koma wa janareta. Lissafin a bayyane yake. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa, idan aka haɗa tun daga haƙar ma'adini har zuwa ƙarshen aiki, kowane yunit na lantarkin kwal yana fitar da kusan giram 820 na iskar da ke ɗumama duniya, na solar kan rufi kuwa wajen 41. Faranti yakan biya bashin hayaƙin ƙirarsa cikin watanni, sannan ya yi shekara 25 ko fiye yana aiki. Uwar da ta daina kwana da hayaƙin janareta a tsakar gida ta yi dabara, asibitin ƙauyen da firijin allurar rigakafinsa ya daina mutuwa ya tsira da rayuka. Hujjata ita ce arhar da muke murna da ita, wani ɓangare nata wasu ne suka biya da gonarsu da kifinsu da huhunsu, kuma mafi yawan wannan ɓarna da an so da an kauce mata.

Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, ana ta maganar Najeriya ta daina dogaro da na waje ta riƙa ƙera nata. Harhaɗa faranti daga kayan da aka shigo da su ba shi da haɗari mai yawa. Amma ranar da aka ce za a wanke falle ko a tace silikon a nan, asid da kulorin sun shigo ke nan, kuma wanda ya san abin da ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa ya yi wa kogunan Kano ba zai yi gaggawar yarda cewa hukumar kare muhalli ta NESREA ta shirya wa wannan ba. Injin mayar da shara ya kamata ya zama sharaɗin ba da lasisi tun kafin a aza tubali.

Ta biyu kuma ta riga ta iso. Farantan da suka fashe ko suka gaji sun fara faɗawa hannun ƴan gwangwan. Za su ɓamɓare firam ɗin alminiyam, su zare wayar tagulla, sauran su watsar ko su cinna masa wuta. A cikin wannan saura akwai dalmar da aka liƙe wayoyin da ita, kuma ledar bayan faranti da yawa tana ɗauke da fulorin, wadda in ta ƙone takan saki hayaƙin asid ɗin nan na haidirofulorik. Turai ta sa farantin sola cikin dokarta ta sharar kayan lantarki tun 2012, ta ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa nauyin karɓar tsohon kayansa. Mu da muka binne yara sama da 400 a Zamfara a 2010 saboda gubar dalma, har yanzu yaron da ke tura baron gwangwan ne yake yanke shawarar inda mataccen faranti zai ƙare.