Agege: Yadda ikwalaizar waya ke fito da baitin waƙa daga hayaniyar Legas

Agege ba ta san shiru ba. Tun da asuba motocin danfo da Keke Napep ke ta hon a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, janareta na ruri a ƙofar shaguna da zarar an ɗauke wuta, masu tallan magani sun ɗaure lasifika a kan motoci, jirgin ƙasa kuma na ratsa tsakiyar gari da nasa ƙugin. Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Legas, wato LASEPA, ta ƙayyade cewa ƙara a unguwannin zama kada ta wuce desibel 55 da rana, 45 da dare. Hirar mutum biyu kaɗai takan kai desibel 60. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tsohon titin Abeokuta da yamma ba ya buƙatar na'ura kafin ya san inda ƙa'idar ta kwana.

A cikin wannan hayaniya Hausawa suka kafa zango tun farkon ƙarnin da ya gabata, lokacin da cinikin goro da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, suka haɗa Agege da Arewa. Jikokin fataken goro suna nan, kuma kullum ana samun sababbin zuwa: mahauta da masu harkar dabbobi a mayankar Oko-Oba, 'yan canji, masu shayi, teloli, 'yan dako da 'yan acaɓa. Abin da ke kai yawancinsu gida ba tare da kuɗin mota ba shi ne waƙa. Da can kaset ne, sai aka koma memori da ake kai wa masu tura waƙoƙi, yanzu kuwa ana saurare kai tsaye ta intanet, a YouTube ko Audiomack ko Boomplay, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2015 kuma takan zo a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel tun daga kamfani. Spotify ta shigo ƙasar a watan Fabrairun 2021.

Kukan da ake yawan yi iri ɗaya ne: kiɗa yana fita, amma magana ba ta fita. Maganin da kowa ya sani shi ne a ƙure ƙarar waya, sannan a nemi inda aka rubuta "Bass" a ja shi har ƙarshe. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma shi ke jawo na farkon.

Abin da sandunan ke yi

Sauti karkarwa ce da ke tafiya cikin iska. Ana ƙidaya yawanta a kowace daƙiƙa da ma'aunin Hertz, wanda ake taƙaitawa Hz. Idan karkarwar ba ta da yawa, sauti yakan yi kauri kamar tambari. Idan ta yi yawa sai ya yi siriri kamar fito. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Ikwalaiza, ko madaidaicin sauti, ba ta yin komai face raba wannan fili gida-gida, ta bai wa kowane gida sandarsa da za a ɗaga ko a sauke. A wayoyin Android da yawa sanduna biyar ne: 60, 230, 910, 3,600 da 14,000. Biyun farko na hagu su ne kauri, wato bes. Ta ƙarshe a dama ita ce kaifi. Muryar ɗan Adam kuwa tana tsakiya.

Tsohuwar wayar tarho ta girke hujja ce a kan haka. Layinta ba ya ɗaukar komai sai abin da ke tsakanin 300 da 3,400, amma shekara da shekaru mutane suka yi ta ƙulla ciniki da aure a kansa, kowa yana gane abin da aka faɗa masa, har ma da muryar mai faɗin. Wannan ɗan filin shi ne gidan magana. Abin da ke ƙasa da shi yana ƙara wa sauti jiki, abin da ke sama yana ƙara masa ƙyalli, amma ba su ne ke ɗauke da ma'ana ba.

Ga mai sauraron Hausa batun ya fi haka nauyi, domin harshen yana rataye ne da ƙananan bambance-bambance. Karin sauti ne ya raba kukan hawaye da kukar miya. Tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama da garin tuwo. Waɗannan biyun ba su cika ɓacewa ba, ko a ƙaramar sifika, saboda kunne yana iya gano hawa da saukar murya daga abin da ya saura a tsakiya. Baƙaƙe ne ke fara nutsewa. Abin da ya raba kara da ƙara, ko sara da tsara, 'yar fashewa ce da ɗan huci masu gajeren rai da ƙarancin ƙarfi, kuma rabo mai yawa na alamunsu yana daga 2,000 zuwa sama. Sauti mai kauri kuwa yana da halin danne wanda ya fi shi siriri, fiye da yadda siririn ke iya danne shi. Injin mota da janareta kaurin sauti suke zubarwa. Wanda ya ɗaga bes a bakin titin Agege ya shigo da janareta na biyu ne cikin kunnensa, sai baitin ya ƙara nisa, shi kuma ya ƙara murɗa ƙara don ya kamo shi.

Waƙar Hausa, musamman ta da, magana ce kafin ta zama kiɗa. Ba don nauyin ganga ake sauraron Mamman Shata ba. Ana bin zancensa ne, da habaicinsa, da yadda 'yan amshi ke karɓa, kalangu kuma yana ta kwaikwayon hawa da saukar harshe. Kotson Musa Ɗanƙwairo da na Ibrahim Narambaɗa rakiya suke yi wa kirari. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce mai siririyar murya, babu wani kauri a cikinta da za a tono. Ƙwaryar Barmani Coge ma haka. Ɗora wa irin waɗannan bes tamkar zuba wa fura manja ne. Waƙoƙin zamani da ake haɗawa da fiyano da kwamfuta a situdiyon Kano da Kaduna, irin na Ali Jita, Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker, sun riga sun fito da kaurinsu daga hannun mai haɗa sauti, ba sa jiran ƙari. Wanda ya juya zuwa fuji ko amapiano, kamar yadda matasan da aka haifa a Legas ke yi ba tare da wani tunani ba, yana da uzurin barin bes a inda yake, domin can kiɗan ne kan gaba.

A rage kafin a ƙara

Ƙa'idar da masu haɗa sauti ke bi ita ce a fara da saukewa. Dalilin na lissafi ne: sautin da ke cikin waya yana da rufin da ba ya wucewa, kuma yawancin waƙoƙin yau an riga an tura su har kusa da rufin. Idan aka ɗaga sanda da yawa, ko dai sauti ya fashe ya riƙa kakkarta, ko kuma wayar ta danne komai gaba ɗaya don ta kare kanta. Saboda haka mai son jin baiti zai mayar da sandunan duka tsakiya, ya sauke ta 60 da ta 230 da kamar desibel 3, ya bar ta 910 a wurinta, ya ɗan ɗaga ta 3,600 da desibel 2 ko 3. Daga nan sai mataki mafi muhimmanci, wanda aka fi mantawa: ya rage ƙarar wayar baki ɗaya, ya ji ko har yanzu kalmomin suna fita. Galibi sukan fita. Saitin nan shi ne kuma ya dace da tafsiri, karatun littafi da labaran rediyo.

Tsofaffin waƙoƙi suna da tasu matsalar. Da yawansu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin wani ne, sannan suka bi ta hannuwa da wayoyi masu yawa ana matse su kafin wani ya ɗora su a intanet. Shuuu ɗin da ake ji a bayansu yana zaune ne a sama, don haka sauke sandar 14,000 yakan rage shi ba tare da an yi asarar wani abin kirki ba. Abin da ikwalaiza ba za ta iya ba shi ne dawo da abin da ya riga ya zube a hanya. Idan an sami kwafi biyu na waƙa ɗaya, neman mai kyaun ya fi duk wani ja da sauke sanda.

Inda za a sami sandunan ya danganta da waya. Manhajar Spotify a iPhone tana da nata guda shida a sashen saiti. A yawancin wayoyin Android takan miƙa mutum ne ga ikwalaizar da kamfanin wayar ya saka, idan bai saka ba kuwa babu abin da zai bayyana. Samsung tana da tata a sashen sauti, wasu wayoyin Tecno da Infinix kuma suna zuwa da DTS. Manhajar YouTube ba ta da ko ɗaya, sai dai a dogara da ta wayar ko a sauko da irin su Wavelet da Poweramp Equalizer, waɗanda ba kowace manhaja ke ba su haɗin kai ba. Abin lura shi ne kada a tara su. Akan sami waya da DTS a kunne, manhaja da nata bes, ga kuma sifikar Bluetooth da aka sayo a Computer Village ta Ikeja da nata maɓallin kauri: hawa uku ke nan a kan abu ɗaya. Guda ta isa.

Sifikar jikin waya kuwa ba ta da girman da za ta motsa iskar da bes ke buƙata, ko me aka yi mata. Iyafis ma sau da yawa ba laifin saiti ba ne. Idan robar bakinsa ba ta toshe kunne da kyau ba, kaurin yakan tsere, hayaniyar waje ta shigo. Canza robar zuwa wadda ta dace da kunne ya fi ɗaga sanda amfani, kuma ya fi arha. Mai shagon da ke sa kunne ɗaya don ya ji mai saye zai amfana da kunna saitin "Mono", wanda ke haɗe ɓangarorin waƙar biyu wuri guda.

Akwai kuma batun data, wadda ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Sauraron awa ɗaya a matsakaicin matakin Spotify yana cin kimanin megabait 43, mataki mai kilobit 320 kuma kimanin 144. A cikin kasuwa, da iyafis mai sauƙin kuɗi, da wuya kunne ya tsinci bambancin da aka biya wa ninki uku.

Kunne ba ya tsiro sabo

Duk wannan zai iya zama kamar sha'anin masu son jin daɗi, in ba don abin da ke cikin hatsari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 90 awa 4 kacal suka rage a mako guda. Waya da iyafis, idan aka ƙure su, suna iya kaiwa 100. Tela ko mai gadin da ke wuni da abu a kunne yana iya cinye rabon mako kafin azahar ɗin Litinin, kuma wannan ƙari ne a kan ƙarar da unguwa ke ɗora masa kyauta.

Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake fitowa idan sun mutu. Ɓarnar da ƙara ke yi kuma takan fara bayyana ne a wajen 4,000, wato daidai unguwar baƙaƙen da ke raba kalma da kalma. Shi ya sa wanda abin ya fara kamawa ba ya cewa ya kurmance. Cewa yake yi mutane sun daina buɗe baki idan suna magana, ko wayarsa ce ta tsufa. Idan mutum ya ga kullum sai ya ƙara ɗaga sandar 3,600 kafin ya gane baitin da ya haddace tun yana yaro, ko kunnensa na yin ƙugi da dare bayan ya cire iyafis, lokacin gwaji ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da manhajar hearWHO kyauta a 2019 don gwajin farko, asibitin koyarwa na Jihar Legas da ke Ikeja, maƙwabciyar Agege, yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ita ma sandar 3,600 ba abin wasa ba ce: a wannan yankin kunne ya fi saurin ji, ya kuma fi saurin gajiya, don haka ɗaga ta ba tare da rage ƙara ba sauya wa cuta wuri ne kawai.

Wuri ɗaya ne babu saitin da ya dace da shi. Layin dogon da ya kawo kakannin Hausawan Agege yanzu ya fi da aiki: jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara zirga-zirga a kan sabon layi a ƙarshen 2020, jirgin cikin gari na Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024, kuma dukansu ta Agege suke bi. Iyafis ɗin da ya toshe kunne sosai har baitin Shata ya fito tangaran a ƙaramar ƙara, shi ne kuma zai tare hon ɗin jirgi da na tirela. Ɗan acaɓa a kan babur da mai tsallaka layi da kaya a ka su cire shi, su sa a aljihu har sai sun isa inda za su.