Girman kan jariri ba aikin iska ba ne: ruwa ne, kuma ana iya cire shi

Yau ba siyasa zan yi ba, magana ce da ta taɓa gidanmu a nan Jangeru.

Bara ɗiyar yayata ta haihu. Bayan suna da 'yan makonni jaririn ya yi zazzaɓi mai zafi, ya warware. Ba a jima ba aka ga hularsa ta daina shiga kansa. Maɗigarsa ta kumbura, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fatar kai, idanunsa suka koma kallon ƙasa. Wata tsohuwa ta ce, "Wanga ɗan ruwa na, mi likita zai yi mai?" Aka yi hayaƙi, aka yi tsaga. Wallahi wata huɗu muka ɓata kafin wani malamin asibiti ya ɗaura tef ɗin awo a kan yaron, ya ce mu nufi Sakkwato.

To, me ke faruwa a cikin kan? Allah Ya halicci wani ruwa garai-garai da ke zagaya ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. A jikin babban mutum ana samar da kusan rabin lita kullum, jini kuma yana shanye shi. Idan hanyar ruwan ta toshe, sai ya taru. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, shi ya sa kan ke buɗewa yana girma, ruwan kuma yana danne ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran wannan haidirosefalos.

Wani da shi ake haifarsa, sau da yawa tare da ƙari a gadon baya, wato lakar ba ta rufe ba tun yana ciki. Wani kuma ciwo ne ke jawo masa, musamman sanƙarau da cututtukan da ke kama jariri a kwanakin farko. Mu 'yan Zamfara mun san sanƙarau, ba mu manta da annobar 2017 ba. A Yuganda, wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, ya gano cewa fiye da rabin yaran da ake kawo masa da wannan lalura, cuta ce ta kama su bayan haihuwa.

Aikin iri biyu ne. Na farko, a sa siririn roba daga cikin kai, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne har cikin ciki, inda jiki zai shanye ruwan. Shi ake kira shant. Na biyu, a shiga da 'yar kyamara a huda wa ruwan sabuwar hanya, ba a bar roba a jiki ba. Likita ne zai zaɓa bayan an ɗauki hoton kai.

Kuma ba sai an je Indiya ko Masar ba. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan. A kusa da mu, asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiya ta musamman ta wannan aiki, wadda aka san Farfesa Bello Bala Shehu da ɗawainiyar kafa ta. Can aka sa wa yaronmu robar. Yanzu yana zama da kansa, yana dariya, amma ganinsa ya raunana. Likitan ya faɗa mana gaskiya: abin da ruwa ya riga ya danne ba duka ke dawowa ba.

Na san halin da muke ciki. Hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura sai da addu'a, ta Isa ma haka, ga kuɗin mota ga na aiki. Mu sai da aka sayar da akuya biyu, dangi suka yi karo-karo. Amma jira ba ya rage kuɗin nan, ƙara shi yake.

Don haka ga roƙona. Iyaye mata, duk zuwa rigakafi ku ce a auna kan jariri. Ana haifar yawancinsu da kai wajen santimita 35, idan yana tsalle fiye da ƙima za a gane da wuri. Jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zazzaɓi ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti ranar. A bar sa toka ko kashin shanu a cibiya. Mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga, don lakar baya tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma san tana da ciki ba. Yaron da ke da roba kuma, in ya fara amai, ko barci ya yi masa yawa, ko zazzaɓi, ƙila ta toshe, a koma asibiti ba tare da jira ba.

Samari 'yan'uwana, mu ke da waya, mu ke da babur. In ka ga irin wannan yaro a unguwarku, ka yi wa mahaifinsa magana cikin ladabi, ka raka shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da ƙasarmu. Sai mako mai zuwa.