"Allah Ya kai mu" kaɗai ba amsa ba ce: Yadda ake mayar da amsar katin gayyata

Katin biki ya bar ambulan ya koma WhatsApp. Cikin 'yan mintuna uwar amarya za ta tura wa ɗaruruwan mutane, amma abin da ke dawo mata galibi hoton babban yatsa ne, ko "Allah Ya kai mu", ko kuma shiru.

Addu'ar tana da kyau, sai dai ba ta faɗa wa mai biki ko za ka zo ba. Shi kuwa lissafi yake yi: masu abinci da faranti suke ƙirgawa, ɗakin taro da kujera. Idan ya tanadi kaɗan ya ji kunya a gaban surukai, idan ya tanadi da yawa kuɗinsa ya tafi a banza.

Haruffan RSVP da ke ƙasan kati ma an sauya musu aiki. Mutane da dama sun ɗauke su gurbin karrama 'yan uwa, har a yi fushi idan ba a ga suna ba. Asalinsu gajarta jimlar Faransanci ce mai nufin "don Allah a ba da amsa". Lambobin wayar da ke wurin na waɗanda za a sanar ne.

A Musulunci, amsa gayyata na cikin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan uwansa da suka zo a Sahihu Muslim. Wanda uzuri ya hana shi zuwa, ladabi shi ne ya sanar da wuri.

Amsa mai kyau ba ta da tsawo: sallama, godiya, matsayarka a fili, sannan addu'a. Misali:

"Assalamu alaikum Gwaggo, na ga kati, na gode. In sha Allah ni da maiɗakina za mu zo ɗaurin aure da walima. Allah Ya sanya alheri."

Idan ba za ka samu zuwa ba:

"Kawu, na gode da gayyata. Ba zan samu halarta ba saboda ina kan aiki a ranar, amma zan zo gaisuwa bayan biki. Allah Ya ba su zaman lafiya."

Ka aika wa mai gayyatar kai tsaye, domin saƙo kan ɓace a cikin zauren dangi. Ka faɗi adadin waɗanda za ka zo da su, kuma kada ka tura wa wanda ba a gayyata ba katin. Idan babba ne, ka bi saƙon da kiran waya. Gayyatar da ta zo daga ofis a wasiƙa kuwa, a wasiƙa ake amsa ta.

Idan shirinka ya sauya, ka sake rubutawa. Mai biki zai manta da uzurinka, amma kujerar da ya biya ta zauna babu kowa takan daɗe a ransa.