Karatu a ƙasar waje: Rayuwar da ke jiran ɗalibi bayan an tashi daga aji

Duk ɗan Gwarzo ko Kabo da zai tafi karatu ƙasar waje, hanyarsa ɗaya ce: titin da ya bi ta Rimin Gado, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya shiga Kano, sai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A 'yan shekarun nan tafiyar ta daina zama labarin 'ya'yan masu kuɗi kaɗai. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonta na 2011 zuwa 2015, ta tura ɗalibai masu yawa ƙasashe daban-daban. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin, inda ta sanar da gurabe 1,001 na digiri na biyu a Indiya da Uganda ga waɗanda suka kammala jami'a da sakamako mafi daraja. A ƙarshen 2024 kuma gidauniyar Sanata Barau Jibrin, wanda ɗan Kabo ne, ta tura ɗalibai 70 zuwa Indiya.

Ke nan ɗalibin da ke aji biyar a yau, a Getso ko a Garo, yana iya tsintar kansa a cikin irin wannan jirgi nan da shekara shida ko bakwai. Sai dai hotunan da muke gani na ranar tashi ne da ranar yaye ɗalibai. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne kwanakin da ke tsakani. Awa biyar ko shida ɗalibi yake yi a aji. Sauran yinin da daren fa, da wa yake zaune?

Makon farko

A gida, yaro bai san kaɗaici ba. Akwai majalisa a ƙofar gida, akwai masallacin unguwa, akwai ƙwallon yamma, kuma duk wanda ka gamu da shi sai kun tsaya kun gaisa har ya tambayi mutanen gida. A babban birnin wata ƙasa kana iya kwana uku ba wanda ya ce maka sannu. Wannan shirun ne yake fara kayar da baƙo, tun kafin a zo maganar jarrabawa.

Ko kiran gida ma sai da lissafi. Agogon Indiya yana gaban na Najeriya da awa huɗu da rabi. Lokacin da mahaifiyarka ta idar da sallar Isha'i ta sami sukunin hira, kai dare ya raba a wajenka, ga lacca da safe. Uganda tana gabanmu da awa biyu. Ɗalibin da ya mayar da darensa na hira da mutanen gida a WhatsApp zai yi barci a aji, kuma zai wayi gari bai san kowa ba a inda yake.

Abinci ma makaranta ce. Ɗan Kabo da ya saba da tuwo da miyar kuka zai tarar da cewa a Indiya mutane da yawa ba sa cin nama sam, kuma jihohi da dama sun hana yanka saniya. A ɗakin cin abinci na makaranta, shinkafa da miyar wake da gurasarsu ta capati ne kullum. A Uganda akwai posho, wanda ɗan'uwan tuwon masara ne, da matoke, wato ayabar da ake dafawa. Shi ya sa ake ganin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji a jakar matafiya. Amma kayan miya ba sa dafa kansu. Namijin da ya taso yana ganin girki aikin ƙannensa mata ne, yunwa ce za ta zama malamarsa.

Tarko biyu

Tarko na farko shi ne ɗalibi ya liƙe wa 'yan garinsu. Tare ake kwana, tare ake cin abinci, Hausa ake yi daga safe har dare. Akwai daɗi, akwai kuma rufin asiri. Amma mutum yana iya shekara biyu a Indiya ya dawo Turancinsa bai ƙaru ba, bai iya cinikin tumatir da harshen Hindi ba, ba shi da aboki ko ɗaya da zai kira in yana neman shawara a kan aiki.

Tarko na biyu kishiyar wannan ne: ɗalibi ya ga babu baba, babu kawu, babu mai unguwa, sai ya saki layi. Sababbin abokai su ja shi yawon dare, kuɗin wata su ƙare a mako guda, sallah ta fara kuɓuce masa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A can kuma kuskuren da za a kashe a gaban dattawa a gida yana iya zama maganar 'yan sanda, ko soke biza, ko kora daga ƙasa.

Hanyar da ta fi ita ce ta tsakiya: ka riƙe naka, ka kuma buɗe ƙofa. Tarihi ya nuna amfanin haka. Malam Aminu Kano ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, shekara guda bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bai tsaya ga littafi kawai ba. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasar Ingila da ɗaliban wasu ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, ya kuma riƙe zumunci da 'yan'uwansa malaman Arewa. Daga wannan zama ne tunanin kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa ya fito, wadda ta tsaya da ƙafarta bayan dawowarsa.

Indiyar fim daban, ta zahiri daban

Mun taso da finafinan Indiya, har wasu suna jin sun san ƙasar. Gaskiya ne akwai abubuwan da za su kwantar wa Bahaushe hankali. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170, don haka masallaci da naman halal ba sa wuyar samu a birane irin su Delhi da Hyderabad. Sahun sallar Juma'a da buɗe-bakin azumi suna daga cikin wuraren da baƙo ya fi saurin yin abokai.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. A watan Maris na 2017 wasu gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa wani zargi da aka jingina musu, har wasu suka kwanta a asibiti. Wariyar launin fata tana nan, daga kallon da ake bin mutum da shi a titi zuwa masu gidan haya da ke ƙin ba ɗan Afirka ɗaki. Wannan ne ya sa ɗaliban Afirka a can suke da ƙungiyarsu, kuma sabon zuwa da ya yi wayo yakan nemi tsofaffin ɗalibai tun a makon farko. Su ne za su gaya masa unguwar da ba a shiga da dare, su kuma tuna masa cewa mai bizar karatu ta dogon lokaci dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarsa.

Ranar da zumunci ya zama ceto

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Sudan ƙasa ce da Hausawa suka daɗe da sani, hanyar alhazai ce tun zamanin tafiyar ƙasa, kuma akwai garuruwan Hausawa da Fulani irin su Mai Wurno. A lokacin, dubban ɗaliban Najeriya ne ke karatu a can, da yawansu 'yan Kano. Cikin 'yan kwanaki aka rasa wuta da ruwa, bankuna suka rufe. Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka taru ana jiran motocin da za su kai mutane iyakar Masar, inda wasu suka ƙara kwanaki a sahara kafin jiragen farko su sauka a Abuja a farkon Mayu.

A irin wannan rana, wanda ofishin jakadanci ya san da zamansa, wanda lambarsa ke hannun shugabannin ɗalibai, wanda yake da maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, shi ne yake jin inda mota take da lokacin tashinta. Wanda ya killace kansa a ɗaki yana iya zama na ƙarshen ji.

Ko babu yaƙi, akwai ranar da kuɗi ke yankewa. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500. Abin da iyaye suke turowa ya koma kashi ɗaya cikin uku a hannun ɗalibi, ga shi bizar karatu a Indiya ba ta ba mutum damar yin aikin albashi. A irin wannan hali tukunyar haɗaka ce take riƙe ɗalibai, kowa ya kawo abin da yake da shi.

Shiri tun daga nan

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sai an hau jirgi ake koya. Ku da kuke makarantar kwana kun riga kun fara: zama ɗaki ɗaya da wanda halinku bai zo ɗaya ba, wanki, tattalin guzuri har ƙarshen zango. Ku 'yan jeka-ka-dawo, ku shiga kicin ku koyi girki kala uku ko huɗu, maza da mata. Ku shiga ƙungiyar muhawara don bakinku ya saba da Turanci a gaban jama'a. Idan akwai ɗan wata ƙabila ko wani addini a ajinku, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, ku zauna ku yi hira da shi, ku tambaye shi yadda ya ji a makonsa na farko a garinku, da wanda ya fara jan sa a jiki.

Sakamako mai kyau shi zai sama muku gurbi, wannan babu ja. Amma wata rana ku ne za ku zama baƙin, a garin da ba a san sunan mahaifinku ba, kuma a can halinku ne kaɗai zai gabatar da ku.