Hoton hasken da ido ba ya gani: yadda ake ɗaukar shi, da amfanin shi ga makiyayan Damargu

Ko kun taɓa ganin hoton da ganyen itace ya fito fari fat kamar auduga, sararin sama kuma ya yi baƙi, alhali da tsakar rana aka ɗauke shi? Irin wannan hoto da wani haske ake ɗaukar shi wanda idon ɗan Adam ba ya gani, ana ce mashi infraruj, wato hasken da ke gaba da ja. Kuma da wannan hasken ne ake auna yawan ciyawar da ta fito a dajinmu kowace damina, tun daga Gangara da Tarka har Tenhiya.

Mene ne infraruj?

Hasken rana ya ƙunshi launuka bakwai, kamar yadda muke gani a bakan gizo. Masana suna auna su da wani ɗan mitsitsin ma'auni mai suna nanomita. Idonmu yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. Daga 700 zuwa sama, nan infraruj ya fara. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi a shekarar 1800. A 1910 kuma Ba'amurke Robert Wood ya fitar da hotunan da ya ɗauka da shi.

Kowa zai iya gwadawa a gida. Ka ɗauki telekomand ɗin talabijin, ka buɗe kamarar salularka, ka nuna mata bakin telekomand ɗin, sai ka danna. Za ka ga wata ƴar fitila tana walƙiya cikin allon wayar, amma idonka bai ga komai ba. In kamarar baya ta ƙi nunawa, gwada ta gaba. To, wannan walƙiyar ita ce infraruj.

Kayan da mai farawa ke buƙata

Na farko kamara. Na biyu matacin haske, wanda masu hoto ke kira filtar: wani ɗan gilashi ne baƙi ƙirin da ake murzawa a bakin idon kamara. Aikin shi tare hasken da muke gani, ya bar infraruj kaɗai ya shige. Wanda aka fi farawa da shi shi ne na nanomita 720, kamar R72 na kamfanin Hoya. Kafin ka sa kuɗinka, duba faɗin bakin idon kamararka. Ana rubuta shi a jiki, kamar 52 ko 58 ko 67. In ka sayo wanda bai dace ba, ba zai murzu ba, kuma ka san nisan Tanut da inda ake sayar da irin kayan nan.

Na uku, abin ɗora kamara mai ƙafa uku. Dalili kuwa, masu ƙera kamara suna sa wani gilashi a ciki wanda ke tare mafi yawan infraruj don hoton yau da kullum ya fito daidai. Kaɗan ne ke tsallakewa, shi ya sa dole kamara ta jima a buɗe, daga daƙiƙa kaɗan har zuwa 30. Hannu ba zai iya riƙe ta haka ba tare da ta motsa ba.

Yadda ake ɗauka

Ka fita lokacin da rana ta take, wajen ƙarfe 11 zuwa 2, lokacin da masu hoton biki ke gudun rana. Ka tsara abin da za ka ɗauka, ka daidaita shi ya fito sarai tukuna, sannan ka murza matacin, domin da zarar ka sa shi ba ka ƙara ganin komai sosai. Ka ƙanƙance ƙofar idon zuwa lamba 8 ko 11, ka sa kamara ta ɗauka da kanta bayan ƴan daƙiƙu don kar ka girgiza ta. Hoton farko zai fito jajawur. Kar ka damu, haka yake. Ka mai da shi baƙi da fari a kamara ko a kwamfuta.

Ranar iska ba ranar wannan aiki ba ce, ganye na motsi hoto ya dagule. Kuma kar ka kuskura ka kalli rana ta cikin matacin. Ya yi baƙi ne a ido, amma hasken da ke cutar da ido yana wucewa.

Da rani, nemi gawo ko aduwa. Gawo da rani yake ganye, don haka zai fito fari tas a tsakiyar busasshiyar gona. Ruwan tabki kuwa baƙi zai fito, don ruwa shanye wannan haske yake.

A kula fa: wannan hoto ba ya ganin bayan bango, ba ya auna zafin jiki. Na'urar da aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin korona da wani sashe dabam na infraruj take aiki.

Ina ruwan makiyayi da wannan?

Ɗanyen ganye mai lafiya yana shanye jan haske don haɗa abincin shi, amma yana mai da kusan rabin infraruj ɗin da ya sauka a kanshi. Shi ya sa yake fari a hoto. In ya fara bushewa, abin da yake mayarwa sai ya ragu. Taurarin ɗan Adam da wannan bambancin suke aiki. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, ta ƙara na biyu a 2017. Suna ratsa saman Damargu duk kwana 5, kuma hotunansu kyauta ne.

A Yamai, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan babban farin da ya halaka bisashe a Sahel, tana bin irin waɗannan hotuna don sanin inda tsiro ya yi kyau da inda ya gaza. Ma'aikatar kiwo ma da su take taimakawa wajen lissafin cimakar dabbobi a ƙarshen damina. Lissafin kuwa ga shi: dabba mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a wuni. A wata 9 na rani, wajen kilo 1,700 ke nan. In aka haɗa yawan bisashe da ciyawar da ke ƙasa, sai a san ko za ta kai damina ko akwai giɓi. Masu yaƙi da farin dango su ma suna duba inda hamada ta yi kore, don can fara ke hayayyafa.

Sai dai tauraro kore kawai yake gani. Bai san bambancin ƙarangiya da tumfafiya ko garmani ba, waɗanda dabba ba ta damu da su ba. Shi ya sa a Satumba da Oktoba ma'aikatan kiwo ke shiga daji da kansu, su yanki ciyawa a ƴan filaye, su busar, su auna, sannan a gwama da abin da hoto ya nuna.

Don haka in aka ba da sanarwar giɓin cimaka a rediyo, kar a yi mata riƙon sakainar kashi. Mai dabbobi ya tanadi kara da harawa da dussa tun suna da araha, ya rage tsofaffin bisashe tun suna da ƙiba da daraja a kasuwa, a kuma yi hanyoyin tare gobarar daji tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Matasa masu sha'awar hoto kuma, a nemi izini kafin a ɗauki mutum, a nisanci barikin soja da shingayen jami'an tsaro. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.