TARKWA BAY: GAƁAR DA DUWATSUN ABEOKUTA SUKA HAIFA

Duk wanda ya shiga ƙaramin jirgin ruwa daga Ikko ya nufi mashigar teku, zai iske wani lungu mai farin rairayi a hannun dama, inda igiyar ruwa take kwantawa. Wannan wuri shi ne Tarkwa Bay. Babu hanyar mota zuwa can, sai ta ruwa. Galibin masu zuwa shan iska ba su san cewa aikin hannun ɗan Adam ne ya samar da shi ba.

A zamanin da, manyan jiragen ruwa ba su iya shiga Ikko, saboda tudun rairayi da ya tare bakin mashigar. Sai su tsaya can cikin teku, a riƙa sauke kaya cikin ƙananan jirage. Don haka ne wajajen 1908 Gwamnatin Turawa ta shiga gina dogayen katangu na duwatsu cikin teku, gabas da yammacin mashigar. Daga wajen Abeokuta aka riƙa fasa duwatsun, jirgin ƙasa yana kawo su. A 1914 babban jirgi ya sami shiga har cikin tashar. Ta wannan ƙofa ce gyaɗa da auduga da fatun Arewa suka riƙa fita zuwa Turai. A tsakanin katangun nan na yamma ne ruwa ya lafa, rairayi ya taru, Tarkwa Bay ta samu.

To, amma teku yana da nasa lissafi. A gaɓar Ikko igiyar ruwa tana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangar yamma ta tare shi, sai ya yi ta taruwa a gaɓar da ake kira Lighthouse Beach, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ta rasa mai cike mata abin da ruwa yake kwashewa. Shekara da shekaru teku yana cin ta, har ya kan tsallako ya malale Titin Ahmadu Bello a Victoria Island. An yi ta zuba rairayi ruwa yana kwashewa, har daga bisani aka cike wurin aka kafa sabon garin Eko Atlantic, aka kāre shi da wata katangar duwatsu.

Bayan rairayin Tarkwa Bay, wajen fadamu, akwai wata katanga wadda ba a kashe ko kwabo wajen gina ta ba. Ita ce dajin mangurof, watau itatuwan da suke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaitsaye bisa ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo. Saiwoyin nan su ke riƙe laka, su karya ƙarfin igiya. A cikinsu ne ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande suke fakewa har su girma su fita. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji, ko da yake mafi yawansa yana yankin Neja Delta ne.

Yau dajin nan yana cikin matsi. Ana sare shi don itacen ƙyafe kifi, ana cike fadamunsa don gine-gine. Ledoji da robobin da magudanun Ikko suke kwasowa nan suke maƙalewa. Ga kuma man fetur da ke tsiyaya idan aka fasa bututun da suka taso daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove da ke kusa. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna yankin, bisa zargin fasa bututu, aka haɗa har da masunta da masu fito waɗanda da ruwan nan suke ci.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Bar Beach ta tafi ne don an taɓa tafiyar rairayi ba a yi lissafin ƙarshenta ba. Ya kamata hukumomin Jihar Legas da na Tarayya su shata wa sauran dajin iyaka, su sa masuntan wurin cikin tsaronsa, tun da su ne suka san kowane lungu nasa. In dajin ya ƙare, kifi zai yi tsada, kuma sai an sayi duwatsu a yi aikin da itace yake yi kyauta.